Baba mai gyaran amfilifaya a Sabon Gari, da yadda ya cire wa jitata tsiwa

Mutum uku na kai wa amfilifayar nan kafin Allah ya haɗa ni da dattijon da zan ba ku labarin aikinsa. Na farko ya kwance bayanta, ya ga kwalaben gilashi biyar masu ƙara ƙarfin sauti a jere, ya mayar da murfin ya ce shi tun da yake bai taɓa sa hannu a irinta ba, in ɗauki kayata. Har yau ina ganin mutuncinsa, don gaskiya ya faɗa. Na biyu ya ce a kwashe kayan cikin kaf a zuba fanel na zamani irin na masu dije, wai za ta fi ƙara. Na ukun bai ma bari na kai aya ba ya ce sifika ce ta mutu, in kawo kuɗin sabuwa. Alhali ba abin da ya mutu. Komai nata yana aiki. Muryarta ce kawai take da tsiwa.

Ni makaɗin jita ne, sana'ar da ba ta da jama'a a garin nan namu na Kano tun da fiyano ya cinye aikin situdiyo. Ina ɗan samun kira a situdiyoyin titin gidan Zoo idan mawaƙi yana son a saka masa salon jitar Agadas, Asabar da Lahadi kuma gurin biki in an dace. Amfilifayar a hannun wani mai kayan gwanjo na saye ta, shekara biyu ke nan, allon sunanta ma ya ɓalle tun kafin ta zo hannuna. Wat 15 ce, mai kwalba: EL84 guda biyu masu ba da ƙarfi, 12AX7 guda uku masu ɗaga sautin jita kafin ya isa gare su, sai sifika ɗaya mai inci 12. Na yi sa'a daga Turai ta fito, wutarta bolt 230 irin tamu, ba irin ta Amurka mai 120 ba da sai ka nemo mata taransifoma kana dakonta duk inda za ka.

Ga ciwon. Idan na murɗa boliyom ya wuce rabi, a fili ko a babban ɗakin taro, muryarta garau, ga kauri ga zaƙi. Amma a ɗakina a Gyaɗi-Gyaɗi, ko a situdiyo inda ba a barinka ka wuce biyu ko uku, ina taɓa siririyar tsirkiya sai ka ji wani tsini ya soki kunnenka, kamar ana kankare ƙanzo da cokali a gindin tukunya. Maiɗakina ta ce in dai zan kunna abin nan to in bari sai ta tafi unguwa, wai haƙora yake kashe mata kamar ɗanyar tsamiya. Na rage tirebul, wato mamurɗin siririn sauti, har ƙasa, sautin ya dushe kamar an kifa masa ƙwarya, tsinin kuwa yana nan daram a ƙarƙashi. Na sauya tsirkiya. Na sayi doguwar waya mai mita shida, don na karanta cewa tsawon waya yana shanye kaifin sauti, ta ɗan taimaka amma ba ta kai ko'ina ba. Har bargo na rataya a gaban sifikar.

Wani abokina da yake kaɗa jitar bes a coci a Sabon Gari ne ya ce min, in dai mai kwalba ce, mutum ɗaya ya sani, ya kwatanta min.

Shagon ba shi da allo. Wani lungu ne a bayan titin Faransa, tsakanin mai sayar da wayoyin wuta da mai naɗin koyil ɗin fanka. Faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma rabinsa amfilifayoyin masallatai ne aka jibge, yawancinsu Ahuja, da lasifikoki masu bakin kakaki, da gawarwakin tsofaffin talabijin. Baba yana zaune a tsakiya a kan kujerar katako, gilashi a karan hanci, kai ba hula saboda zafi, hular tana rataye a kan eriyar wata rediyo. Daga baya ya gaya min asalin shagonsa a cikin kasuwar Sabon Gari yake, gobarar 2016 ce ta tashe shi, kuma a kan rediyo mai bawul ya koyi aiki tun kafin tiransista ta kore su. Ni ina cewa kwalba, shi bawul yake cewa.

Muka gaisa, na sauke ta daga kafaɗa ina haki, na fara zuba bayani. Ya bar ni sai da na gama.

"Ina jitar?"

"Tana gida, Baba."

"To ka kawo min maƙogwaro ka baro harshe a gida. Me zan saurara?"

Haka na sake tarar adaidaita sahu na koma Gyaɗi-Gyaɗi cikin ranar nan, ina ƙunƙuni a raina. Yanzu da na waiwaya, a nan ya bambanta da ukun farko. Cikinsu ba wanda ya nemi ya ji muryarta.

Da na dawo sai ya sa yaronsa ya jona ta, ya jira kwalaben suka yi ja, ya ce in kaɗa abu ɗaya kar in sauya. Na kama wani ɗan gajeren salo ina maimaitawa. Ya sa boliyom a biyu, ya runtse ido. Ya kai biyar. Ya kai takwas, har mai fanka ya leƙo, almajirai suka taru a bakin ƙofa. Ya dawo da shi biyu. Sau uku yana wannan hawa da sauka bai ce uffan ba. Sannan ya ce in ci gaba da kaɗawa amma in tashi daga gaban sifikar in koma gefe, taku biyu. Wallahi kusan rabin tsinin ya tafi. Ya ce babbar sifika haka take, sauti mai kauri yana bazuwa ko'ina, siririn kuwa daga tsakiyarta yake fita a miƙe kamar hasken tocila, ni kuma shekara biyu ina ɗora ta a kan tebur saitin kunnena. Wannan maganin kyauta ya ba ni, ko sukurudireba bai ɗauka ba tukuna.

"Sauran rabin kuma," in ji shi, "ba ciwo ba ne, samari. Hali ne. Haka aka haife ta."

Kafin in faɗi abin da ya yi a ciki, bari in faɗi yadda ya shiga, don na san akwai masu karanta wannan da hannunsu yake ƙaiƙayi. Ya kashe ta, ya zare filogi, ya zaro tiren ƙarfen da kayan suke kai, ya kifa shi a kan katako biyu don kar kwalaben su taɓa tebur. Na miƙa yatsa zan nuna masa wani abu, ya buge min hannu kamar yaro ya kai hannu miya. Ya ɗora mita a kan wata babbar kafasita, wato abar da take tara wuta, mai kamar gwangwanin tumatir, ya juyo min da fuskar mitar. Ba a jone take ba, amma ga wuta nan kwance a ciki. Irin waɗannan amfilifayoyi suna aiki da bolt 300 ko fiye, manya ma suna haura 450, kuma manyan kafasitocin suna iya riƙe wutar bayan an kashe. Ya ɗauko wata rizista, wato 'yar abar da take rage gudun wuta, da ya ɗaura wa waya mai bakin kada, ya maƙala ƙafa ɗaya a jikin ƙarfen, ɗayar a kan kafasitar, muna kallo lambar tana sauka har ta kusa sifili. Duk lokacin da zai auna wani abu tana kunne, hannunsa na hagu yana cikin aljihun riga, don ko tsautsayi ya gitta kar wutar ta bi ta hannu ɗaya ta ratsa ƙirji ta fita ta ɗayan. Sau nawa ya kashe ya kunna a ranar, sau nawa ya maimaita zuƙe wutar nan, bai tsallake ko sau ɗaya ba.

Sai ya bi bayan mamurɗin boliyom da tsinken katako, ya tsaya a kan wata 'yar aba mai launin ƙasa, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya miƙo min gilashinsa ya ce in karanta. 471. Ya ce 47 ke nan da sifili ɗaya a gaba, wato 'yar kafasita ce mai fikofarad 470, fikofarad kuwa shi ne ma'aunin girman kafasita.

Bayanin da ya yi min shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi, kuma da misalin ƙofar gari ya yi shi. Mamurɗin boliyom mai gadi ne, gwargwadon yadda ka rage shi gwargwadon yadda yake tare sauti. Ita kuwa 'yar kafasitar nan an ɗaura ta ne daga ƙafar da sauti yake shigowa zuwa ƙafar tsakiya inda yake fita, sai ta zama ɓarauniyar hanya. Halin ƙaramar kafasita shi ne siririn sauti yana ratsa ta salin-alin, mai kauri kuwa ba ya iya kutsawa. To idan boliyom yana biyu, mai gadi ya tare kusan kowa, amma 'yan siraran sun zagaye ta baya sun shige da ƙarfinsu, shi ya sa su kaɗai kake ji. Idan ka buɗe ƙofa gaba ɗaya kowa ta gaba yake shiga, ɓarauniyar hanya ba ta da sauran amfani. Abin da ya sa take da daɗi a filin biki ta zama masifa a ɗaki ke nan. Mamurɗin tirebul kuwa a wani sashe daban yake aiki, ba wannan hanyar yake tsare ba, shi ya sa rage shi ya dusar da komai bai kashe tsinin ba.

Ba kuskure ba ne masu ƙira suka yi, da gangan ake sa ta, don in babu ita sauti yakan yi duhu idan an rage boliyom. Maganar dai ta yawan gishiri ce. Amfilifayoyin Fender na shekarun 1960, irin su Twin Reverb, fikofarad 120 ake sa musu, kuma da makunni, in ka so ka kashe. Deluxe Reverb 47 kacal gare ta a layi ɗaya, ba makunni. Marshall JCM800 da ta fito a 1981 kuwa har 1000 take ɗauke da shi, amma wannan don kiɗan hayaniya aka yi ta. Tawa tana da 470 ba makunni, ga jitata mai siririn maganaɗisu ce, wadda dama can muryarta a sama take. Zuma da zaƙi, an ƙara mata sukari.

Abin da ya burge ni, bai datse ta ba. Ya ɗora ayon, ƙarfen liƙin nan mai zafi, dalma ta narke, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya bar ɗayar a maƙale. Ya ce in kaɗa. Tsinin ya tafi ɗungurungum, amma jitar ta koma kamar mai mura. Ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake jira ke nan. Ya jawo wani gwangwanin madara cike da kafasitoci, ya zube su a kan jarida, ya tsinto uku. Da wayoyi masu bakin kada ya riƙa maƙala su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya liƙa ba. 221 tukuna, har yanzu tana ɗan cizo. Sai wata mai 47, wadda ni dai ban ji bambancinta da babu ba. Sai 101, fikofarad 100. Ina sauke hannu a kan tsirkiya na san mun zo gida. Ga haske, ga ƙyalli a bakin kowane sauti, amma ba ya suka. Ya dube ni ta saman gilashi, na dube shi, ya ɗauki ayon.

Da a nan muka tsaya da ba ni da abin ƙorafi ko ɗaya. Amma ɗan Adam.

Akwai wani abu na biyu da yake damuna. Idan na ɗaga gen, wato mamurɗin da yake ƙara ƙarfin sautin jita tun daga shigarsa, don muryar ta ɗan dushe irin yadda 'yan Agadas suke yi, sai wani tsiii ya hau kan sautin, kamar an yarfa ruwa a kaskon ƙosai. Na ce Baba tunda an buɗe, a kashe min wannan ma. Ya fara auna wutar manyan kwalaben ya tabbatar ba yunwa ce take sa su haka ba, ya ce lafiyarsu ƙalau a wannan fannin. Ya ce akwai dabara: a ɗora wata kafasita a kan rizistar da take kai wuta ga kwalba ta biyu, ta riƙa shanye siririn sauti tun a can. Ya nuna min rizistar, mai zobe ruwan ƙasa da baƙi da rawaya, kilo-om 100. Amma a nan ba kowace kafasita ake sawa ba, saboda wuta mai yawa ce a gurin, na cikin gwangwanin madarar kuwa yawancinsu bolt 50 ne iyakarsu. Ya tura yaron ya jawo fanel ɗin wata tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, ya ciro wasu shuɗaye guda biyu da aka rubuta wa 2KV, wato bolt 2,000, ɗaya 471 ɗaya 102, wato fikofarad 1000.

Ya gwada 471, tsiii ɗin ya ragu sosai amma da saura. Ya gwada 102, ya ɓace kamar an share. Na ce wannan, Baba, wannan.

"Samari, gishiri ne fa. In ka tsame shi duka, miyar ba za ta ciwu ba."

"Ni dai ita nake so, Baba."

"To, kayanka ne."

Ya liƙa. Na biya, na yi godiya, na tafi ina murna.

Ranar Asabar muka yi biki a wani ɗakin taro a Hotoro. Ana tashi da kiɗa, fiyano ya shigo, kalangu ya shigo, mawaƙi ya buɗe murya, sai na nemi jitata na rasa. Ina ganin yatsuna suna aiki, amma ko ni da nake tsaye kusa da ita da ƙyar nake jin ta. Na ƙara boliyom, sai gurnani ya ƙaru, magana ba ta fito ba. Mai fiyano ya juyo yana tambayata da ido ko waya ce ta cire.

Ƙanena da yake karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero ne ya warware min da biro a bayan ambulan. Ya ce kwalbar 12AX7 da rizistar nan idan suka haɗu, abin da kafasitar take gani kusan kilo-om 38 ne. Da fikofarad 1000, sauti yana fara faɗuwa tun daga wajen hez 4,200, hez kuwa ma'aunin kaifin sauti ne, yawan lamba yawan kaifi. Da 470 kuwa sai wajen 8,900. Ita jita, tsirkiyarta mafi kauri hez 82 take bayarwa, mafi siririn sautin da za ka danna a ƙarshen wuyanta bai wuce 1,200 zuwa 1,300 ba. Duk abin da yake sama da haka 'ya'yan sauti ne da suke hawa kan uwar, kuma su ne suke sa a gane jita ce ba fiyano ba. Kunnen mutum ya fi kama abin da yake tsakanin 2,000 da 5,000, shi ya sa a nan tsini yake, kuma a nan ɗin dai fitowar murya take. Sifikar jita ma da kanta takan fara sakin abin da ya haura 5,000. Wato ni da na sa aka fara yanka tun daga 4,200, ga kuma an riga an rage ta farko, na haɗa da naman na yar.

Laifin nan na raba shi biyu. Rabi nawa ne, an gaya min na ƙi ji. Amma rabi na Baba ne, kuma zan faɗa. Shagonsa siminti ne da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, komai a ciki yana ƙara kaifi, abin da ya yi daidai a can dole ya yi duhu a ɗaki mai labule da kafet da mutum ɗari biyu. Ya san haka sarai, don da na koma shi ya fara faɗa. Da ya gaya min tun ranar da baki buɗe, maimakon karin magana, da na saurara. Mutumin da ya buge min hannu a kan wuta ai zai iya tsawatar min a kan wannan ma.

Komawar ce ta fi ɓata min rai. Saura kwana goma a kama azumi, kuma ashe wannan ne kakar masu gyaran amfilifaya. Duk masallacin da zai yi tafsiri da tarawi ya kwaso kayansa, ladanai da 'yan kwamiti sun cika bencin ƙofar shagon. Ya ce in bar ta in dawo jibi. Na dawo, jibi. Na sake dawowa, bayan Juma'a. Wayarsa kuwa tana cikin aljihun rigar da ya rataye, sai ka kira sau biyar ba a ɗauka ba. Kwana goma sha shida ta yi a can, har wani aikin situdiyo ya wuce ni. Ban ce a ajiye na masallaci a yi na mai jita ba, ni ma na san abin da ya fi. Amma aikin da ya rage bai kai minti ashirin ba, a gabana aka yi shi daga ƙarshe, kuma da ya ce min tun farko tafi da ita sai bayan sallah, da na san inda na dosa. Da na karɓe ta kuma na tarar da tabon ƙuna kamar girman kwabo a fatar samanta, inda yaron shagon ya ajiye ayon, ga sukuru ɗaya na baya ba nata ba ne. Baba ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya ba ni haƙuri. Tabon dai yana nan.

Ya cire 102 ya mayar da shuɗiyar 471, bai karɓi ko sisi a kan wannan ba. Na ce Baba ga waccan ta farko da muka cire, ita ma ai 471 ce, me ya sa ba a yi amfani da ita ba tun farko? Ya ce ba a rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka a jikinta ba, shi kuma ba ya sa abin da bai san iyakarsa ba a gurin da bolt ɗari-ɗari suke. Abin dai ya ba ni dariya, lamba ɗaya ce ta hana ni barci a bayan boliyom, ita ce kuma ta zama magani taƙi kaɗan daga gurin.

Ya kawo wata shawara da ban karɓa ba. Ya ce zai iya ƙara min mamurɗi na musamman dab da manyan kwalabe, irin wanda amfilifayar Vox AC30 take da shi, wanda kake rage kaifi da shi gwargwadon ɗakin da ka samu kanka. Dabara ce mai kyau, kuma da ita da abin da ya faru a Hotoro bai faru ba. Sai dai sai an huda ƙarfen gaba, ni kuma bayan tabon nan ban shirya ganin an kawo dirila kusa da ita ba. Bai matsa ba. Ya fesa wa mamurɗan mai ya wanke ƙurar hunturu da take sa su ƙarar yashi, ya ce in daina jona ta kai tsaye a janareton masu biki, in nemi sitabilaiza.

Kuɗi, ya ce dubu ashirin, muka daidaita a sha biyar. Kayan da ya sa gaba ɗaya ba su kai kuɗin adaidaita sahun da na kashe ba, kuma na san wani zai ce an cuce ni. Ni ban ga haka ba. Ranar farko kaɗai sama da awa uku ya yi a kaina, yana kashewa yana zuƙe wuta yana kunnawa, ga kuɗin sabuwar sifikar da na ukun nan ya so in saya, wadda da na saya da tsinin yana nan yana jirana. Rasit babu, kar ma ka tambaya. Abin da ya ba ni a madadinsa kwalin ashana ne, da tsohuwar 471 da 102 a ciki, ya ce in adana ko wata rana zan sayar da ita mai saye ya ce yana son ta yadda aka haife ta. A jikin ƙarfen ta ciki kuma ya rubuta da fensir abin da ya cire da abin da ya sa da kwanan wata, don wanda zai buɗe bayansa.

Wata huɗu ke nan yanzu. A situdiyo, injiniyan da ya saba kai hannu ya rage min sama tun kafin in fara, rannan ya kai hannun ya dawo da shi bai taɓa komai ba. Biki uku na yi da ita, ana jin jitar a tsakiyar kalangu da fiyano ba tare da na yi faɗa da kowa ba. Tsiii ɗin nan bai mutu duka ba, in na ƙure gen yana leƙowa, na kuma bar shi. A gida na sauke ta daga tebur, tana ƙasa tana kallon kusurwa. Maiɗakina ta daina tafiya unguwa saboda ita, iyaka in dare ya yi ta ce in rage yara sun yi barci.

Wanda yake da mai kwalba a garin nan, ko tsohuwar rediyo ce ta gado, ni dai can zan tura shi. Ya tafi da jitarsa da wayar da yake aiki da ita, ya je da hantsi kafin lungun ya cika, ya zauna a yi a gabansa kar ya bar kayansa, kuma kar ya kuskura ya doshi gurin a watan Sha'aban. Mai amfilifayar zamani irin mai allo da lambobi kuwa kar ya wahalar da kansa, a gabana Baba ya sallami wani da irinta, ya ce wannan kwamfuta ce, a kai wa yaran kasuwar waya ta Farm Centre.

Saura abu ɗaya a tsakaninmu. Ranar da na karɓo ta ya ƙwanƙwasa ɗaya daga cikin EL84 ɗin da tsinken katakonsa, sifika ta amsa da wani ƙiriri, ya ce wannan ta fara tsufa, kuma in za a sauya gara a sauya su biyun tare. Shi ba shi da su, ya zaga shagunan da ya sani bai samu ba. Na ba abokina mai bes saƙo, wata mai zuwa zai je Legas.